Daga Sana'ar Ci zuwa Sana'ar Sha'awa: Tarihin Ƙungiyoyin Masu Sassaƙar Juyi a Ingila

1. Gabatarwa

A shekarar 1958 wani tsoho mai suna George Lailey ya rasu a Bucklebury, cikin gundumar Berkshire, yamma da Landan. An haife shi a 1869, ya kuma ƙare rayuwarsa yana sassaƙa akusa a bukkar da ya gada, da irin kayan aikin da kakanninsa suka yi amfani da su. Masana sun ɗauke shi a matsayin mutum na ƙarshe a Ingila da ya ci abinci da wannan irin aiki. Bayan rasuwarsa aka kwashe kayan aikinsa aka kai gidan adana kayan tarihin karkara na Jami'ar Reading. Shekara 29 bayan haka, watau a 1987, aka kafa ƙungiyar masu sassaƙar juyi ta Birtaniya, wadda aka fi sani da AWGB, kuma kafin shekarun 2010 su ƙare tana da rassa da ƙananan ƙungiyoyin gari fiye da 100 a ƙarƙashinta. Ke nan sana'ar da aka yi wa jana'iza ta dawo da jama'a masu yawa, sai dai galibinsu ba da ita suke ci ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi. Abin da muke kira sassaƙar juyi shi ne abin da ake ce wa tournage sur bois da Faransanci. Masassaƙin ƙasar Hausa yakan kafe itace wuri ɗaya, ya riƙa sara da gizago. Mai sassaƙar juyi kuwa itacen yake sa wa ya yi ta juyawa, shi kuma ya kanga masa ƙarfe mai kaifi, itacen ya riƙa kawo kansa ga kaifin. Na'urar da ke juya itacen za mu kira ta majuyi. Kalmar kulob kuma za mu keɓe ta ga ƙungiyar gari ta masu yin aikin don sha'awa, domin mu bambanta ta da tsohuwar ƙungiyar sana'a.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: mene ne kulob ya gada daga ƙungiyar sana'a, mene ne kuma ya kuɓuce masa? Ra'ayinmu shi ne, abu ɗaya tak ya gada, watau koyarwa, kuma ya gaje ta ne bayan ya juya dokarta. Ƙungiyar sana'a tana tsare ilimi domin shi ne abincinta. Kulob yana raba ilimi domin kasuwarsa ta mutu. Wannan juyi shi ya ceci sana'ar, shi ne kuma ya sa ba dukkanta ta tsira ba.

2. Zamanin ƙungiyar sana'a

Sassaƙar juyi tsohuwar sana'a ce a Ingila. Tonon da aka yi a unguwar Coppergate ta birnin York tsakanin 1976 da 1981 ya fito da guntayen itacen da ke saura idan an gama juya akushi, na zamanin ƙarni na 10. Sunan unguwar ma, a tsohon harshen mutanen arewacin Turai da suka riƙe birnin, yana nufin hanyar masu yin kofuna. Haka kuma jirgin yaƙin Mary Rose, wanda ya nitse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an tarar da akusa a cikinsa, wasu da shaidar da masu su suka zana. A wancan zamani talaka a akushi yake cin abinci.

Majuyin da suka yi aiki da shi mai sauƙi ne. Akan ɗaura igiya a bakin wata doguwar sanda mai lanƙwasa, a naɗe ta a jikin abin da ke riƙe da itacen, a ɗaure ƙarshenta a wani mataki. Idan ma'aikaci ya taka, itacen ya juyo wajensa, sai ya yanka. Idan ya ɗaga ƙafa, sandar ta miƙe ta mayar da itacen baya. Ba wuta, ba mai, ƙafa da hannu da ido ne kawai.

Hukuma ta sa ido a kan ƴan wannan sana'a tun da wuri, saboda su ne ke yin ma'aunan itace, kamar a ce masu yin mudu da tiya. A 1347 magajin garin Landan ya umurci kowane mai juyi ya mallaki tambarinsa, ya riƙa sa shi a gindin duk ma'aunin da ya yi, domin a san wanda za a kama idan an sami tauye awo. Dokar masu sana'a ta 1563 ta ɗora wa ɗan koyo shekara 7 a hannun maigida. A 1604 Sarki James na Ɗaya ya ba ƙungiyar masu juyi ta Landan takardar izini, wadda ta ba ta ikon shiga shaguna a birnin da kewayensa, ta duba kaya, ta hukunta mai aikin banza.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar tana da fuska biyu. Ta ciki zumunta ce: liyafar shekara, taimakon gwauraye da marayun ƴan sana'a, rakiyar gawa. Ta waje kuma shinge ne: wanda bai yi shekarunsa na koyo ba, ba ya da hakkin buɗe shago. Tsawon lokacin koyo ba wuyar aikin kaɗai ta kawo shi ba, hanya ce ta rage yawan masu gasa. A 1791 Faransa ta rushe irin waɗannan ƙungiyoyi da dokokin Allarde da Le Chapelier. Ingila ba ta rushe nata ba, amma a 1814 ta soke tilascin koyo, ikon ƙungiyoyin kuma dama ya riga ya yi rauni. Ƙungiyar masu juyi ta Landan ta rayu, sai dai ta koma ta sadaka da girmamawa.

3. Masu sha'awa na farko: sarakuna da attajirai

Kuskure ne a ɗauka cewa yin juyi don nishaɗi abin ƙarni na 20 ne. Tun ƙarni na 16 da na 17 fadojin Turai suna da ɗakunan juyi, inda ƴaƴan sarauta ke sarrafa hauren giwa da itace mai tsada. A 1701 wani limamin Kirista Bafaranshe, Charles Plumier, ya buga littafinsa a kan fasahar juyi a birnin Lyon. Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma yana da nasa majuyai, da ƙwararren makaniki, Andrei Nartov, mai kula da su. A Landan, gidan Holtzapffel, wanda wani mutumin Alsace ya kafa a shekarun 1790, ya ƙera majuyai wajen 2,500 kafin ya daina a shekarun 1920, kuma galibin masu sayensu attajirai ne da manyan malaman coci.

Wannan reshe yana da muhimmanci a tarihinmu ta fuska ɗaya: shi ya fara sa ilimin juyi a takarda. Ɗan sana'a ba ya da dalilin rubuta abin da yake ci da shi. Mai sha'awa kuwa alfahari ne a wurinsa ya nuna abin da ya gano. Amma juyin attajirai da na talakawa ba su haɗu ba. Na farko na'ura mai tsada ce ke zana ado a kan akwatin hauren giwa. Na biyu ƙafar kujera ce da akushi. Magadan reshen farko sun kafa ƙungiyarsu ta masu juyin ado a 1948.

4. Yadda kasuwa ta mutu

Ƙarni na 19 bai kashe sana'ar nan take ba, da farko ma ya ƙara mata kasuwa. Masaƙun Lancashire na buƙatar kwarkwaro ba adadi, saboda haka aka gina masana'antun juya shi a yankin tabkuna na arewa maso yamma, irin ta Stott Park wadda aka gina a 1835. A tsaunukan Chiltern kuma, kewaye da garin High Wycombe, akwai masu juya ƙafafun kujeru a cikin daji. Sukan sayi itatuwan da Faransawa ke kira hêtre tun suna tsaye, su kafa bukka a wurin, su faskara itacen ɗanye su juya shi, su jera ƙafafun su bushe, sa'an nan su sayar wa masana'antun gari a kan ƙidayar 144. An ƙiyasta cewa a 1877 garin yana fitar da kujera 4,700 kowace rana.

Abubuwa uku suka taru suka ƙarasa aikin hannu. Na farko, tangaram mai araha, daga baya kuma kwanon ƙarfe, sun kori akushi daga teburin talaka. Na biyu, majuyi mai kwafi, wanda asalinsa ke komawa ga na'urar da Thomas Blanchard ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1819 don sassaƙa ƙotar bindiga, ya sa ma'aikacin da bai ƙware ba yana fitar da ƙafar kujera ɗari iri ɗaya. Na uku roba. Masu juyin daji na Chiltern sun ƙare a ƙarshen shekarun 1950, Stott Park kuma ta rufe a 1971 bayan kwarkwaron roba ya ƙwace kasuwa.

Lailey ya daɗe ne saboda wani dalili dabam. A 1927 marubuci H. V. Morton ya ba da labarinsa a littafinsa na yawon Ingila, sai masu motoci suka riƙa zuwa sayen akusansa don tunawa. Tun yana raye, akushi ya tashi daga kayan abinci ya koma kayan sha'awa. Ya rasu bai bar magaji a sana'ar ba.

5. Haihuwar kulob, 1957 zuwa 1990

Kulob bai fito daga zuriyar masu sana'a ba. Ya fito ne daga wasu sauye-sauye na bayan Yaƙin Duniya na Biyu: wutar lantarki a kowane gida, ƙaramin majuyi mai mota wanda ma'aikaci ke iya saye, gida mai gareji ko rumfa a bayansa, hutun ƙarshen mako, da fansho. A kan waɗannan aka sami littattafai. A 1957 Frank Pain, wanda ya yi aikin juyi a yankin High Wycombe, ya buga littafin koyarwa da ya zama gada tsakanin tsofaffin ma'aikata da sababbin masu sha'awa. A 1971 Peter Child, mai koyar da gajerun kwasa-kwasai a gundumar Essex, ya fito da nasa. Abin da a da ake ɗaukar shekara 7 ana tsintarsa a gefen maigida, yanzu ana sayar da farkonsa a kwas na kwana biyu.

Kayan aiki ma sun sauya. Maƙeran Sheffield, irin su Robert Sorby da Henry Taylor, sun koma yin ƙarafan yanka da ƙarfe mai jure zafi, wanda ba ya saurin dakushewa ko lalacewa a hannun wanda bai iya washi ba. A 1988 kamfanin Teknatool na Niyu Zilan ya fito da mariƙi mai haƙora huɗu, wanda ya sauƙaƙa ɗaure itace a majuyi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage wahalar shekarun farko, inda mai koyo ya fi saurin karaya.

Tsarin taro kuwa daga Amurka ya zo. A can, tun 1976 Albert LeCoff ya fara shirya tarurruka a jihar Pennsylvania, inda ƙwararru ke aiki a gaban jama'a suna bayani. Dale Nish ya fara irin nasa a Utah a 1979. Taron makarantar Arrowmont a jihar Tennessee, a 1985, shi ya haifi ƙungiyar Amurka a 1986, David Ellsworth ne shugabanta na farko. Ƙasar Ailan ta riga su, ta kafa tata a 1983. A Ingila taron Loughborough na 1987 ne ya haifi AWGB, kuma Ray Key na cikin manyan waɗanda suka kafa ta. A 1990 mujallar Woodturning ta fara fitowa.

Akwai kuma maganar itace, wadda ba a cika kula da ita ba. Cutar da ta afka wa itacen elm, watau orme da Faransanci, tun ƙarshen shekarun 1960, ta kashe itatuwa fiye da miliyan 25 a Birtaniya. Guguwar Oktoba 1987 ta kayar da wajen miliyan 15 a dare ɗaya. Daga 2012 wata cuta ta kama itacen da Faransawa ke kira frêne. Gungumen da masana'antar katako ba ta so, saboda karkacewa ko tabon ruɓa, shi ne abin da mai juyin sha'awa ke nema. Don haka asarar daji ta zama abin aikin kulob.

A ƙarshe, ƙasar da aka shuka wannan iri a cikinta dama shiryayya ce. Peter Clark ya ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 an yi ƙungiyoyin sa kai wajen 25,000 a ƙasashen masu magana da Ingilishi. Mutumin Ingila ya saba da shugaba da magatakarda da ma'aji da littafin taro. Abin da Maurice Agulhon ya kira sociabilité a nazarinsa na Faransa, watau ɗabi'ar zama tare bisa tsari, shi masu juyi suka tarar suka zuba sana'arsu a ciki.

6. Rayuwar kulob

Duk da bambancin gari da gari, tsarin ya yi kama. Akan haɗu sau ɗaya a wata, da maraice, a zauren taro na ƙauye ko ɗakin coci ko na makaranta da aka haya. Kulob yana da majuyinsa, ko biyu ko uku, a kan ƙafafu masu taya, da kyamara da allo domin na baya su ga bakin ƙarfe. Kuɗin shiga na shekara shi ke biyan haya da inshora, inshorar kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa kulob ya shiga ƙarƙashin uwar ƙungiya.

Zuciyar taron ita ce nuni. Wani ƙwararre da aka gayyato aka biya, ko wani ɗan kulob, zai tsaya wajen awa biyu yana yin akushi ko akwati mai murfi ko tulu mai siririn baki, yana faɗin kowane mataki: yadda ya wasa ƙarfe, kusurwar da ya riƙe shi, gudun majuyi, inda itace ke tsagewa. Ana katse shi da tambaya. Idan ƙarfe ya cafki itacen ya ɓata aikin, ba a ɓoyewa, wannan ma darasi ne. A nan ne bambanci da ƙungiyar sana'a ya fi fitowa. A da darajar maigida tana cikin abin da shi kaɗai ya sani. A kulob darajar mutum tana cikin abin da ya iya nunawa har wani ya kwaikwaya.

A tsakiyar taro akan sha shayi, kuma a wannan hutu ake yin rabin aikin kulob: wane ya sare itace a gonarsa yana neman masu ɗauka, wane na sayar da tsohon majuyinsa, wane bai zo ba don yana asibiti. A gefe akwai tebur na gasa, inda kowa ke ajiye abin da ya yi bisa jigon watan, a raba masu fara koyo da waɗanda suka daɗe, a ba da maki, a tara har ƙarshen shekara. Akwai akwatin littattafai na aro, da tambola wadda kyaututtukanta guntayen itace ne da man shafe. Yawancin kulob suna da wata rana dabam ta aikin hannu, inda sabon shiga ke tsayawa a majuyi, wani tsoho na bayansa yana gyara masa riƙo. Gani ya kori ji, amma a wannan sana'a taɓawa ta kori gani.

Kulob yana kuma fita waje. Yakan kafa rumfa a bikin gona ko kasuwar Kirsimeti, ya juya wa yara katantanwar wasa, ya sayar da akusa da alƙaluma ya ba da kuɗin ga asibitin masu jinyar ajali ko wata ƙungiyar agaji ta garin. Wannan sadaka tana da wani amfani na ɓoye: mai sha'awa yana yin kaya fiye da abin da gidansa da danginsa za su iya karɓa, sadaka ce ke kwashe rarar ba tare da ta mai da shi ɗan kasuwa ba. Duk da haka akwai tsohon ƙorafi daga ƙwararru ƴan kaɗan da ke ci da sana'ar, cewa mai fansho yana sayar da akushi a kuɗin da bai biya lokacin aikinsa ba, yana karya musu farashi. Maganin da aka samu shi ne, ƙwararren ya koma yana ci da koyarwa da nuni. Kulob ɗin da ya rage masa masu saye, shi ya zama kasuwarsa.

Wani ilimi da kulob ya yaɗa, wanda tsofaffin ma'aikata ba su samu ba, shi ne na kare lafiya. A shekarun 1960 likitocin yankin Oxford, musamman Ronald Macbeth da Donald Acheson, suka gano yawan wata irin sankarar hanci a tsakanin ma'aikatan kujeru na High Wycombe, a 1995 kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Maganar abin rufe fuska da na'urar zuƙe ƙura tana cikin darasin farko da sabon shiga ke ji.

Galibin ƴan kulob maza ne da suka yi ritaya, ko da yake mata sun ƙaru, wasunsu ma suna cikin fitattun masu nuni. Ga mutumin da ya bar aiki ya rasa abokan hira, ko wanda matarsa ta rasu, taron wata yana iya zama babban dalilinsa na fita. Masanin zaman jama'a Robert Stebbins ya ba irin wannan sha'awa suna tun 1982, ya kira ta nishaɗi na gaske, domin tana da matakai da ƙwarewa da suna, kamar aikin albashi. Zumuntar takan wuce mutuwa. Da Ray Key ya rasu a 2018, an tarar da ayyuka masu yawa da ya fara bai gama ba. Sai aka rarraba fiye da 100 ga masu juyi a ƙasashe dabam-dabam, kowa ya ƙarasa nasa, aka nuna su a 2019. A 2020 kuma, da annobar korona ta rufe zaurukan taro, kulob da yawa sun koma kallon nuni ta intanet. Ilimin ya ratsa ta waya, shayin ne bai ratsa ba.

7. Abin da ya tsira da abin da ya ɓace

Idan muka auna, kulob ya ceci abubuwa uku: ilimin kaifi da riƙon ƙarfe, sanin halin itatuwa, da kasuwar da ke riƙe da maƙeran kayan aiki. Ya kuma farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar Landan, wadda ta buɗe rajistar ƙwararrun masu juyi a 1978, ta fara babban baje kolinta a 2004 don cikar shekara 400 da samun takardar izini. Tsohuwar mai shinge ta koma mai ba da kyauta da tallafin karatu.

Amma kulob yana adana abin da ƴan kulob ke jin daɗin yi ne kawai. Gwanintar mai juyin daji tana cikin sauri da maimaici: ƙafa 144 iri ɗaya, da ido, ba ma'auni. Ba wanda ke yin wannan don nishaɗi. Akushin kulob sau da yawa na ado ne, mai sirara da sheƙi, wanda ba a zuba masa miya. Aikin Lailey kuwa, na fitar da akusa uku ko huɗu daga gungume ɗaya, ƙarami a cikin babba, da ƙarafa masu lanƙwasa da mai juyin ke ƙera wa kansa, bai bi ta kulob ba ko kaɗan. Ya yanke fiye da shekara 30. A shekarun 1990 ne Robin Wood ya tsaya a gaban kayan Lailey a Reading, ya yi nazarin akusa da hotuna, ya koyi ƙira, ya sake gano aikin da gwaji da kuskure. Abin da maigida zai nuna a wuni ɗaya ya ci shekaru. A 1990 masu son majuyin sanda suka kafa tasu ƙungiya dabam, daga baya Wood ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare sana'o'in gado, wadda ta fara fitar da jerin sana'o'in da ke cikin haɗari a 2017.

Saboda haka ba daidai ba ne a kira kulob ci gaban al'ada kai tsaye. Ya fi kusa da abin da Hobsbawm da Ranger suka tattauna a 1983, al'adar da aka ƙirƙira da tsofaffin kaya. Wannan ba aibi ba ne, amma ya wajaba ga mai tarihi ya faɗe shi. Raunin kulob na yau shi ma daga asalinsa yake: ya dogara da fansho, da gida mai rumfa, da tsofaffi masu lokacin riƙe muƙamin magatakarda da ma'aji. Kulob kan rufe ba don rashin masu son juyi ba, sai don an rasa mai karɓar littafin kuɗi.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ilimin juyi ya bi hannu uku a Ingila: ƙungiyar sana'a da ta tsare shi, attajiran da suka rubuta wani ɓangarensa, da kulob da ya raba shi. Mun ga kuma cewa tsakanin mutuwar kasuwa da haihuwar kulob an sami giɓi na wajen shekara 30, kuma a cikin wannan giɓi ne asarar ta auku. Kayan aiki sun shiga gidan tarihi lafiya. Hannun da ya san su ne ba a ajiye ba.

Ba mu cewa a ɗauko tsarin Ingila a dasa a Maraɗi ko Damagaram. Akushinmu da gizago ake yinsa, sassaƙa kuma har yanzu abinci ce ga masu turmi da taɓarya da ƙota. Amma langa da roba sun yi wa akushi abin da tangaram ya yi wa na Ingila, kuma tambayar ɗaya ce: idan sana'a ta daina ciyar da ɗan mai ita, wa zai karɓi ilimin? Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya ba da tasa amsa tun da wuri, da ya zaunar da masu sana'a suna aiki a cikin harabarsa. Nijar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon da ba a taɓawa tun 2007, Birtaniya kuwa sai a 2024. Abin da tarihin Bucklebury ke ƙara mana shi ne maganar lokaci. Ɗalibin da ke neman jigon bincike a kan masassaƙa, ya fara da tsofaffin da ba su da ɗan koyo, ya kuma zauna ya riƙe gizagon da kansa, kada ya tsaya ga ɗaukar murya da hoto.